Kawu, Allo da Tsumma

Wanda ya ba mu aron Kawu ya karɓi abinsa a ƙarshen kaka, an gama ɗaure gero ana shirin sakin gonaki ga makiyaya. Hanyar da ya bi ita ke jiran kowannenmu. Wan mahaifiyata ne. Shi ya ɗauko ni daga ƙauyenmu ya kawo ni gidansa a Agiye ya sa ni lakol, wato makarantar boko, har mutane da yawa suna ɗauka ɗiyar cikinsa ce ni.

Zaman makoki ya cika ƙofar gida har ya malala kan titi. Ina kai da kawo da ruwan sha zuwa zaure, ina tsintar zance. Yawancin waɗanda suka zo tsofaffin ɗalibansa ne, tun daga Gazawa har Tibiri, don ya yi direktan lakol a garuruwa da dama kafin ya ajiye aiki. Dattawa ne masu furfura, amma sai ka ga sun zauna a miƙe kan tabarma, kamar yanzu zai leƙo ya ce kowa ya nuna farcensa. Wani tsohon jandarma ya kama kunnensa na dama ya ce har gobe kunnen nan ya san hannun Direkta. Aka yi dariya ƙasa-ƙasa, sannan aka tuna inda ake, aka shafa fatiha.

A cikin gida mahaifiyata ba ta yi kuka gaban mutane ba. Abin da take ta maimaitawa shi ne yanzu wa zai riƙa gyara mata magana. Iya, matar Kawu, ta zauna a ƙuryar ɗaki ta lulluɓe, tana amsa gaisuwa da kai. Wadda ta fi kowa kuka wata mai awara ce daga bakin tasha, har mata na tambayar juna da ido ko ta wane ɓangare ce a dangi. Akwai kuma Fulani makiyaya daga wajen Gangara da suka zo da ƙwaryar nono suka zauna gefe guda, tsofaffin ɗalibai suna mamakin abin da ya haɗa su da Direkta.

Duk wanda ya buɗe baki labari ɗaya yake bayarwa, na mutumin da ba ya gogewa. Yadda yake zana taswirar ƙasa a allo da layi ɗaya, ba ya ɗaga alli sai ya dawo inda ya fara. Yadda ba a ganin tsumma a ajinsa sai an tashi, yara su share allo don gobe. Gaskiya suka faɗa, amma ina jin su raina na sosuwa, don rabin mutumin suke yi wa addu'a. Ɗaya rabin a gabana ya fito, a shekarunsa na ƙarshe, kuma in ban rubuta shi ba zai bi shi kabari.

Da yamma abokin aikina, mutumin Gidan Rumji, ya zo ya yi mini gaisuwa. Ya gama addu'a ya miƙe, sai ya tsaya yana murza hula a hannu. Na san abin da ke bakinsa. A ɗakin aikinmu akwai allo, a kansa akwai zanen da Kawu ya yi da hannunsa, kuma mu biyun mun san zanen na da gyara. Gyaran ba zai yiwu ba sai an goge wani wuri. Tun bai furta ba na ce masa duk wanda ya taɓa allon nan, ni da shi har abada. Ya sa hularsa ya tafi.

Bari in faɗi aikinmu, don ko a danginmu akwai masu cewa gyaran waya nake yi. Manhaja muke rubutawa, wato abin da ke sa waya ta yi wani aiki. Tamu ta manoma da makiyaya ce. Mutum zai danna, ya ji murya da Hausa ko Fulatanci tana gaya masa ko an saki gonaki a yanki kaza, wane burtali ne a buɗe, wace rijiya ce ta ƙafe. Irin labarin da rashinsa kan sa shanu su faɗa gonar da ba a kwashe ba, a wayi gari ana zare sanduna. Irin wannan abu ba a gina shi a tashi ɗaya. Ana sauraron masu amfani da shi, a tsara ɗan kaɗan, a gina, a gwada, a kai musu, su faɗi inda ya yi da inda bai yi ba, sannan a sake zagayowa. Haka aka koya mana a Yamai, kuma akwai zanen da ake nuna hakan da shi: da'ira ce, da akwatuna a jikinta, da kibiyoyi suna bin juna.

Wannan da'irar na buga a babbar takarda, da kalmomin Faransanci cikin akwatunan, na kai taron manoma da makiyaya a wajen Gangara. Zubin farko na manhajarmu ya riga ya ba mu kunya. Muryar na sauri, saƙon ya yi tsawo, mutane na kashewa tun ba a kai ga abin da suke nema ba. Na je ne in roƙe su su ci gaba da gwadawa. Na yi bayani har maƙogwarona ya bushe. Wani dattijon makiyayi ya bi da'irar da kan sandarsa, ya zagaya, ya sake zagayawa, sannan ya tambaye ni cikin ladabi, da Hausarsa mai ƙanshin Fulatanci, a ina ake sauka. Na duba da'irar, babu mafita a jikinta. Aka watse ana cewa yaran nan da bakinsu sun faɗa, aikinsu ba ya ƙarewa.

Gidan Kawu na nufa da takardar. Mutum ne mai jan bik, wato biro, a aljihun gaba, ko masallaci za shi. Katin ɗaurin aure in ya zo masa da kuskure, sai ya gyara kafin ya duba sunan ango. Ya taɓa tsayar da mai kabu-kabu a tsakiyar hanya don ya sauka ya gaya wa wani tela cewa harafi ya faɗi a allon shagonsa. Gonarsa da igiya yake shuka ta, layi-layi, maƙwabta na dariya, in kuma shukar ta ƙi fitowa, sai ya yi sammako ya je ya maimaita tun kafin wani ya gan shi. Maganarsa ga yaro ɗaya ce: ka tsaya, ka duba, sannan ka sa hannu. A wurinsa wanda ya goge ya nuna bai yi tunani ba kafin ya rubuta, kuma bai ga dalilin yafe wannan ba.

Ni ma kunnena ya san shi. Amma shi ke goya ni a keke zuwa lakol yana ɓare mini gyaɗa da hannu ɗaya. Shekarar da na faɗi jarrabawa na dawo ina jiran ƙasa ta tsage in shige, sai kawai ya fito da kujera ta biyu ƙarƙashin itacen bedin ƙofar gida, muka yi bazara guda muna lissafi bayan la'asar. Ko a lokacin bai yarda a ce maimaitawa nake ba. Duk wanda ya tambaya sai ya ce yanzu yarinyar ta fara.

A ƙarƙashin bedin nan na shimfiɗa masa takardar, ina neman mai tausaya mini. Na yi ɓatan kai. Ya gyara tabarau ya karanta akwatunan ɗaya bayan ɗaya, ya sa na bayyana masa aikin, sannan ya ce makiyayin ya fi ni gaskiya. Wai wannan lalaci ne aka yi wa zane. A kai wa mutane abin da bai nuna ba, a ce su nemo maka kuskurenka.

"Don wanga na kai ki lakol?" ya ce. "Ki koyo yadda ake aiki rabi-rabi, har da kibiya?"

Jinina da nasa ɗaya ne, ba mu iya haɗiye magana ba. Na ce masa ai su ma da ba sa gogewa mun ga abin da suka girbe. Rabin ajinsu na tsoron alli kamar garwashi, yaro ya san amsa amma ya gwammace a ce bai sani ba da ya rubuta ya kuskure. Na ce nawa ne suka bar lakol ba don kansu ba ya ja ba, sai don fargabar tsayawa gaban allo.

Kawu ya naɗe takardar ya miƙo mini, ya kunna rediyo. Iya, da ta ji komai daga tsakar gida, ta ce mini daga baya tunda take ba ta taɓa ganin wanda ya gaya masa irin wannan ya tashi da ƙafafunsa ba. Na daina zuwa cin tuwon gidan. Muka yi makonni gaisuwa kawai ke haɗa mu, ita ma a tsaitsaye. Har yau ban janye maganar ba, shi ma bai taɓa neman in janye ba.

Wata safiya muna aiki sai ga shi a ƙofa da kwalin alli a hammata, mai amalanke na biye da shi da wani tsohon allon katako da ya sha baƙin fenti. Ya ce zanen nan ya hana shi sakat, ba don ya yarda da shi ba, sai don muninsa. In dai za a koya wa mutane shirme, to a zana shi da kyau. Abokin aikina ya miƙe ya ba shi kujera, ya ƙi zama.

Faransanci ya fara kora. Ya ce wanda aka yi zanen dominsa ko Hausa ba ya karantawa, balle. A wurin sauraro ya zana kunne. A wurin tsarawa, yatsa yana zane a ƙasa. A wurin ginawa, hannu riƙe da waya. A wurin gwadawa, mace na ɗanɗana miya. A wurin kaiwa, hannu biyu na miƙa ƙwarya. Kawu ya iya zane, wannan ko wanda ba ya son sa ya sani. Ya haɗa su da da'ira, layi ɗaya, bai ɗaga alli ba. Ya ja baya ya daɗe yana kallo, sannan ya ce tambayar makiyayin na nan daram, don wannan akuya ce a turke. Ya tambaye ni ko in mun zagayo inda muka fara muke dawowa. Na ce a'a, kowane zagaye abin na ƙaruwa. Ya ce to don me zanenmu ke ƙarya.

Washegari ya zo da faifan da Iya ke rufe fura da shi, ya aza kan teburina kusa da kwamfuta. Ya sa yatsa a cibiyarsa ya bi saƙar, tana zagayawa tana faɗaɗa. Zagaye ne, amma ba ya komawa gurbinsa, kuma ko a ina mai saƙa ta tsaya, abin da ke hannunta zai iya rufe wani abu, ko da bakin kofi ne. Na san akwai masu zana shi haka a littattafanmu, sai dai ban taɓa jin dalilin a jikina ba sai ranar.

Matsalar ita ce da'irar jiya na kan allo, allon kuma ɗaya ne. Kawu ya tsaya gabanta da alli a hannu. Na ga ya leƙa bayan allon ko akwai fili, ya tarar duk tsaga ne. Mu kuwa muka duƙufa kan kwamfuta kamar ba mu san abin da ake ciki ba. Can ya yi gyaran murya.

"Ɗiyar ga, kuna da tsumma?"

Ba mu da shi. Abokin aikina ya zaro ƙyallen da yake goge babur da shi, ya jiƙa a buta. Kawu ya karɓa da yatsa biyu kamar an miƙa masa ɓera. Ya goge da'irar nan tasa mai kyau, a hankali, daga sama zuwa ƙasa. Abokin aikina, da bakinsa ba linzami, ya ce da Gobirancinsa yau ya ga abin ba jikoki labari. Kawu ya ce in labarin ya fita zai ji a kunnensa. Amma na ga gefen bakinsa na motsi.

Daga ranar abin ya zame masa sana'a. Ranar kasuwa sai ya kafa allon a bakin ƙofa, ya tare duk wanda ya gifta ya ce masa, mi ka gani. Ba ya bayani, ba ya kuma barin mu mu yi. Wata tsohuwa mai daddawa ta duba ta ja da baya, ta ce maciji ne ya naɗe. Da a lakol ne da ta ji a jikinta. Kawu ya ce ashe kan kibiyar ya yi girma, ya nemi tsumma. Ya rage kibiyoyin, ya bi layin da ɗinki-ɗinki na jan alli da kore, irin na faifai. Wani mai kabu-kabu ya karanta zanen daga waje zuwa ciki, ya ce aiki ne ke ƙanƙancewa har ya ɓace. Kawu ya sa ƙwayar gero a tsakiya, ya sa layin na ƙara kauri yana fita. Wani kuma ya tambaya ina mutanen da ake yi wa aikin. Sai ya zana su a gefe, mai hauya da mai sanda da mace da tulu, kuma daga kowane zagaye ya fitar da 'yar hanya zuwa gare su. Nan ake sauka, in ji shi, nan kuma ake sake hawa.

Ban taɓa jin ya ce tsarinmu daidai ne ba. In na tsokane shi na ce Kawu ai yanzu kun zama ɗan gida, kuna sauraro kuna gyarawa kuna sake gwadawa, sai ya ce shi zane yake gyarawa, ba ruwansa da shirmenmu.

Mai awarar da ta yi kuka a makoki a nan ta shigo labarin. Teburinta na bakin tasha, kusa da ɗakin aikinmu, kuma duk ranar da Kawu ya kafa allo sai ta bi ta bayan motoci don kada ta gifta gabansa. Ya lura, ya sa aka kira ta. Ta zo tana goge hannu a zani, ta durƙusa daga nesa. Ashe ɗalibarsa ce a Gazawa, da daɗewa. Ta bar lakol ne ranar da ya fito da ita gaban allo, ta rubuta kalma ta kuskure, ta sa tafin hannu ta goge, ya yi mata abin da ya saba. Shi bai tuna ba. Ita kuwa har rigar da ya sa ranar ta tuna.

Ya tambaye ta abin da ta gani a zanen, ta ce ba ta ga komai ba, Direkta. Ya ce ta dai duba. Da ƙyar ta ce ba a ɗanɗana miya a bakin ludayi yadda ya zana, a tafin hannu ake ɗiga ta. Kawu ya miƙa mata alli, ta ɓoye hannu a baya. Sai ya miƙa mata tsumman da ɗaya hannun.

"Ga su duka biyu," ya ce. "In ya ɓaci ki shahe ki sake. Ba mai taɓa ki."

Ta zana hannu, ya fito kamar ƙafar kaza. Ta goge ta sake. Ta yi ta yi har ya ɗan yi kama da hannu. Kawu na tsaye ya harɗe hannuwansa a baya, ina jin don kada su yi abin da suka saba. Tafin hannun nan nata shi ne mafi muni a cikin zanen, kuma shi kaɗai ne bai taɓa yarda a gyara ba.

Da muka koma wajen Gangara, allon na saman mota ɗaure tare da buhuna, Kawu na gaba yana yi wa direba faɗa a kan kowane rami. Bai yi jawabi ba. Ya jingine allon a gindin gawo ya koma gefe. Dattijon makiyayin nan ya zo da sandarsa. Ba wanda ya nuna masa, ya fara daga ƙwayar gero, ya zagaya, ya fita ta 'yar hanyar, ya tsaya a kan mai sanda. Ya tambaya ko wannan shi ne, Kawu ya ce shi ne. Ya ce to sandar ta yi gajarta. Kawu ya zaro tsumma daga aljihun da jan bik ke zama, ya gyara. Ranar suka yarda su ci gaba da gwada manhajar, suka kuma gaya mana abubuwan da a da ba su ga amfanin faɗa ba, har da cewa Fulatancin muryarmu na wani yanki ne, yana ba matansu dariya. Na yi murna ranar har na rasa inda zan sa kaina.

Zagayen ƙarshe, na can waje, da damina ya zana shi, ciwo ya riga ya fara cin sa. Layin na rawa, wanda bai sani ba zai ce ado ne. Ya kasa ƙarasa shi a tsaye, sai da ya zauna na riƙe masa allon a kan cinya. Bayan nan bai sake zuwa ba. Aka yi ta kai shi likita a Maraɗi ana dawowa.

A cikin daminar nan ne muka gano abin da zanen ya rasa. Mun fitar da sabon zubi muna ganin mun ƙara kyau, ashe a ƙananan wayoyin da yawancin makiyaya ke riƙewa muryar ba ta fitowa sam. Dole muka janye shi muka mayar da mutane kan na baya, kafin mu gano inda matsalar take. Wato wani lokacin komawa ciki ake yi, faifan Kawu kuwa waje kawai ya sani. Ana bukatar kibiya mai dawowa daga zagayen waje zuwa na cikinsa, kuma ba ta da hanya sai an buɗe mata ƙofa a jikin layin nan mai rawa. Na ce a bari ya warke ya gyara da kansa. Bai warke ba.

Bayan sadakar arba'in na samo farar leda na lulluɓe allon, na ɗaure da igiya ta baya. Abokin aikina ya ce a ɗauki hotonsa a ajiye sannan a gyara, na ce hoto ba hannun Kawu ba ne. Sai ya samo wani allo ya kwafi zanen har da gyaran. Ɗakin ya zama da zane biyu. Duk wanda ya shigo sai ya tambayi wanne ne daidai, ni kuma bakina ba ya iya cewa na Kawu ne mai kuskure, sai in yi ta kwana-kwana. Samari da 'yan matan da muke koya wa aikin suka fara raɓewa in za su wuce ta gaban ledar, suna rage murya. Na gani, na ce wa kaina ladabi ne. Na kuma ce ai shi ma akwai tafin hannun mai awara da ya hana a taɓa.

Iya ta fita takaba zafi ya fara shigowa. Da ta gama zagaya gidajen dangi sai ta ce in kai ta ta ga allon. Ba ta taɓa shiga ɗakin aikinmu ba, labarinsa kawai take sha tare da tuwo. Ta tsaya gabansa ta daɗe. Ba ta karatu, amma ba ta nemi bayani ba, ta bi shi da ido daga tsakiya har waje. Sannan ta tambayi ledar ta mece ce. Na ce don ƙura. Ta yi mini irin kallon da take mini ina yarinya in na ce ba ni na lashi sukari ba.

Na gaya mata komai, har da zancen kibiyar. Ta zauna a kujerata ta gyara mayafi.

"Na tsufa a gidan mutumin ga," ta ce. "Bai taɓa zagina ba, bai taɓa barina da yunwa ba. Amma ban taɓa jin ya ce ya yi kuskure ba, ko sau guda. In ya ɓata mini rai sai dai in ga sabon zani bisa gado. Sai bara. Ya dawo daga wurinku, hannu duk alli, ya zamna ya ce, abu kaza da na yi miki shekarun baya, ban kyauta ba. Abin da ni har na mance. Daga nan ya riƙa tuno su ɗai-ɗai, har na ce mishi ya isa haka nan, kar ya ƙarar da su mu rasa na hira."

Ta yi dariya, ta share ido da bakin mayafin.

"Wancan na lakol, kowa na da nashi labari. Wanga na baya nawa ne, kuma ban daɗe da shi ba. Kar ki ɗaure mini shi cikin leda."

Ita ta kwance igiyar da hannunta. Na jiƙa tsumma, na aza a kan layin nan mai rawa, na goge kamar faɗin tafin hannu. Ban yi zaton zai fita da sauƙi haka ba. Kukan da ban yi a makoki ba nan na yi shi, a gaban yaran da nake koyarwa, ban kuma ji kunya ba. Allah Ya jiƙan Kawu, Ya shafe masa abin da ya kuskure, Ya bar masa abin da ya kyautata, Ya sa mu cika da kyau in tamu ta zo.

Alli ba ya kama jiƙaƙƙen allo. Abokin aikina ya ɗauko kwalin ya ajiye a ƙasa, ni da Iya muka zauna muna jiran wurin ya bushe. Masu koyon kuwa sun riga sun matso har kafaɗunsu na gogar juna, suna gardamar ta inda kibiyar za ta bi.